Ƙafar Malam Ilu ta Hagu

Nafi'u, ajiye min almakashin nan, ba abin wasa ba ne. Tun ɗazu nake jin ku, wai in karatu ya ƙi, in haya da babur ta ƙi, ai ko yankan farce mutum ya yi, tunda ba ya buƙatar komai sai almakashi da ƙarancin kunya. Na ji, kuma ban ji haushi ba, don ni ma kallon da na yi wa sana'ar ke nan kafin in ɗora ƙafar wani a cinyata. Ku matso cikin inuwa. Zan ba ku labarin ƙafa guda ɗaya, ta wani dillalin shanu da ake kira Malam Ilu. In na gama, wanda har yanzu yake so sai ya ɗauki almakashin.

Ni Haladu ban shigo sana'ar nan da ƙuruciya ba. Da gemuna na shigo, a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, bayan gonarmu ta wajen Zango ta daina ciyar da mu. Wanda ya koya min wani tsoho ne a nan Daura, Baba Tanko, Allah Ya jiƙan sa, mutum mai rowar magana. Na daɗe ina bin sa ban taɓa farcen kowa ba. Aikina wasa aska a dutse, da wanke soso, da riƙe masa jaka. Kayan ba su da yawa: almakashi babba na ƙafa da ƙarami na hannu, 'yar aska siririya ta bin gefen farce, dutsen goge kaushi, kwalbar ruwan sabulu, da tsumman da ake shimfiɗawa a cinya. Da aka fara jan kunne a rediyo kan cututtukan da ake ɗauka ta jini, ya ƙara da kwalbar maganin wanke ƙarfe daga kemis. Sai kuma wani ɗan farin ƙyalle da yake ninkewa a aljihun gaba, wanda ya fi duk sauran daraja a wurinsa.

Ƙyallen nan na tare farce ne. Ku yaran yanzu kuna cizge naku da haƙori ku tofar a kwata, amma manya ba haka suke ba. Kowa ya san abin da ake cewa mugu yana iya yi da farcen mutum in ya same shi, don haka ko ɓurɓushi ba ya faɗuwa ƙasa. In ka gama, ka tattara a ƙyallen, ka buɗe wa mai shi ya gani da idonsa. In ya karɓa, shi ke nan. In ya ce ka binne, ka tona ƙasa a gabansa ka binne, ka take wurin. Ranar da wani ɗan gutsure ya yi min tsalle cikin yashi, Baba Tanko ya sa na durƙusa ina tankaɗe yashin da yatsu har na samo shi, mai ƙafar kuwa yana zaune yana kallona, bai ce a bari ba.

Doka ta biyu ita ce shiru. Mutum zai wanke fuska, ya sa babbar riga, ya fito yana dariya, amma ƙafarsa ba ta iya wannan ba. Za ka ga wanda ya kwana yana yawo, da wanda ba a kula da shi a gida, da wanda ya fara tsufa bai sani ba. Baba Tanko ya ce duk abin da na gani a ƙafa in bar shi a ƙafa.

Akwai wani Bafulatani da muka yi wa aiki a kara, wato kasuwar shanu. Baba Tanko yana cikin wanke masa ƙafa sai ya kama hannuna, ya ɗora ɗan yatsana a kan farcen babban yatsan mutumin. Na ji wani ɗan kwarmi ya gitta farcen daga gefe zuwa gefe, kamar an ɗaure shi da zare an kwance. Sai da muka bar wurin ya ce, "Wannan shi ne zare. In jiki ya sha wata babbar wuya, zazzaɓi ne ko tashin hankali, farce kan tsaya da tsiro. In ya ci gaba sai ya bar wannan. Daga nan yana tafiya a hankali har ya kai baki, ka yanke shi. In ka ga yana tafiya, mai shi ya tsallake."

Na ce, "In kuma bai tafi ba fa, Baba?"

Ya dube ni, ya miƙo min aska ya ce ta dakushe.

Da ya rasu, ni na gaji mutanensa. Mafi yawansu dillalan shanu ne da ke zama ƙarƙashin wata babbar cediya a kan hanyar kara, nakan je musu kowace Juma'a da hantsi kafin masallaci. Malam Ilu yana cikinsu. Dogo ne, baƙi, mai barkwanci, shi ya laƙaba min suna Sarkin Ƙafa. Mutumin nan yana iya tasowa daga garin Babban Mutum a bayan garke ya iso Daura a ƙasa, ya zauna yana tambayar ko akwai inda za a je. Kaushin dunduniyarsa sai na sa ƙarfi kafin dutse ya ci shi. Amma fa ga jin cakulkuli. Da soso ya bi ta tsakiyar tafin ƙafarsa sai ya zabura, ya yi ta ƙyaƙyata dariya yana harbi, har ya taɓa zubar min da ruwan sabulu a jiki. Sauran dillalan sukan taru don kallon wannan kawai.

In ka riƙe ƙafar mutum yadda ya kamata, babban yatsanka yana kwanciya ne a gadon ƙafar, daidai wurin da wata jijiya take bugawa. Ba don ka nema ba, nan ne wurin riƙo. Shekara da shekaru ina jin ta Malam Ilu tana bugawa a hankali, ba gaggawa. Ban taɓa ɗaukar ta a bakin komai ba.

Sai shekarar da aka rufe iyaka. Shanu suka daina shigowa daga arewa, kara ta zama fili. A dai wannan lokaci aka zo faɗaɗa titi, aka sare cediyar nan. Dillalan suka haɗu suka kafa rumfar kwano a bakin sabuwar kwalta. Bayan rumfar mai walda ne da janaretansa, gefenta injin niƙa, gabanta motoci. In bazara ta yi, kwanon nan yana gasa kai, hayaƙi yana shigowa ta baya, magana kuwa sai da ihu. Mutanen da suka saba yini a kan ƙafafunsu suka koma zama a benci tun safe har la'asar suna jiran shanun da ba za su zo ba. Masu fura da nono suka rage zuwa tunda ba kasuwa, mai shayi ya kafa teburinsa. Shayi da suga har ya kwanta a gindin kofi, da burodi, in rana ta take a bi da lemon kwalba mai sanyi. Ba wanda ya ga laifin kowa, ai zafi ake ji.

Shi Malam Ilu nasa ya fi na kowa. Ɗansa na fari, Basiru, da ya ga ba shanu, ya bi ta ɓarauniyar hanya ya yi arewa, can gaba da Agadas, wai wajen haƙar zinare. Ya yi waya 'yan lokuta, daga nan shiru. To kun san yadda muke da ɗan fari. Malam Ilu bai taɓa kiran sunan yaron nan ba tun da aka haife shi, ba ya tambayar labarinsa a gaban mutane, in an yi masa jaje sai ya ce, "Wa? Au, wancan? Ai ba yaro ba ne." Amma waya ba ta barin hannunsa. Ya ce labarin shanu yake jira. Wata rana ina riƙe da ƙafarsa wayar ta yi ƙara, jijiyar nan ta yi tsalle a ƙarƙashin yatsana, ta shiga gudu. Ya duba, ashe mai neman a ara masa igiya ne. Ya ajiye wayar ya ci gaba da zolayar mai shayi, amma jijiyar ba ta lafa ba har na gama ƙafar.

Bayan 'yan watanni, wata Juma'a da hantsi, na wanke ƙafar Malam Ilu sai na ji zare a gindin farcen, hagu da dama. Ban yi mamaki ba, na san abin da yake haɗiyewa. Na matsa gaban Alhaji Garba, wanda ke zaune kusa da shi, na ji zare. Na matsa gaban Malam Nuhu, zare. Na bi bencin nan har ƙarshe, kusan kowa da shi, kuma duk a wuri ɗaya, kamar wani ya biyo layin ya ɗaɗɗaure su a rana guda. Rana tana haske, janareta yana ruri, suna ta musu a kan siyasa. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi. Na ji tsoro ƙwarai, na tattara farcen kowa na nuna masa, na tafi masallaci.

Alhaji Garba ne ƙafarsa ta fara kumburi. In na danna idon sawunsa, wurin sai ya lotsa kamar tuwo, ya ƙi dawowa. Yana haki ko daga alwala ya tashi. Na tuna dokar Baba Tanko, na ga ai an yi ta ne don rufin asiri, ba don a zuba wa mutum ido ba. Na sunkuya kamar ina goge masa dunduniya, na ce a hankali, "Alhaji, da za a leƙa asibiti a gwada jini."

Ya yi dariya ya ce wa na kusa da shi, "Kun ji Sarkin Ƙafa ya zama likita."

Ba a jima ba, a sallar azahar, aka yi sujada kowa ya ɗago ban da shi. Na kusa da shi a sahu ya ce ya zaci addu'a ya tsawaita.

Malam Nuhu shi kuma ciwon ƙeya yake kuka da shi, jijiyar ƙafarsa ta yi tauri kamar igiyar ɗaure akuya. Na faɗa masa abin da na faɗa wa Alhaji Garba, ya ce to, in an kwana biyu. Wata safiya ya tashi bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya shanye. Bai ga Babbar Sallah ba.

Daga nan magana ta tashi. Wai duk wanda Haladu ya ce wa a je asibiti, a fara neman likkafani. Wasu suka ce bakina ne, wasu suka ce ba duk farcen nake nunawa ba, akwai wanda nake ragewa a tsakanin yatsu. Ba wanda ya tare ni da ita. Kun san yadda muke kiran masu son yankan farce, muna tafe muna kaɗa almakashi, ƙas-ƙas-ƙas. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na doso rumfar ina kaɗawa, sai na ga ƙafafu suna shigewa ƙarƙashin riguna ɗaya bayan ɗaya, tun daga wannan baki har wancan. Fuskoki na amsa min sallama da fara'a, amma ba ƙafa ko ɗaya a ƙasa. A cikin gari ma in na bi ta lungu, sai in ji ana kiran yara su shigo gida. Shekarar nan sai ƙauyuka na koma bi, inda labarin bai kai ba, kuma ya riga ni zuwa wasu.

Malam Ilu kaɗai ya miƙo ƙafa a ranar. Ya ce, "Zo nan, Sarkin Ƙafa, rabu da su." Na ɗora ta hagu a cinya. Bazara ce, kwano yana ƙuna, amma ƙafar nan sanyi ƙalau kamar gindin randa. Na laluba jijiyar, na rasa. Na bi tsakiyar tafin da soso, na sake bi, ban ji harbi ba, ban ji dariya ba, yana can yana kallon wayarsa. Na duba farcen. A ƙafar dama zaren ya ɗan matsa gaba. A ta hagu yana nan inda na fara ganin sa, farcen ma babu abin yanka a jikinsa.

Na ɗago kai, na buɗe baki. Ya ɗaga min hannu.

Ya ce, "Kada ka faɗa. Don Allah, Haladu, kada ka faɗa." Bai taɓa kira na da sunana ba sai ranar. "Ba wai na yarda da maganarsu ba ne. Amma iyali ta yi kuka, ta ce ɗaya ya tafi, kada ɗayan ma ya bi. Na yi mata alkawari yau ce ta ƙarshe."

Na nuna masa farcen ƙafar dama, ya ce in binne, na binne. Daga baya na ji da reza yake yanke abinsa a gida.

Wata rana na dawo daga ƙauye na tarar an tayar da sallar la'asar a masallacin da ke kusa da rumfar. Takalma sun cika bakin ƙofa. Ni takalmin mutum na san shi kamar fuskarsa. Na hango na Malam Ilu, wani sau-ciki baƙi da ya koma sawa tun da ya fara cewa ƙafarsa na jin sanyi. Abin da ya tsayar da ni kiyashi ne. Sun fito daga gindin bango a jere, layi siriri, sun ratsa ta tsakanin takalman mutane ba su kula ko ɗaya ba, sun wuce na damansa, suna shiga na hagun. Wani layin yana fitowa. Na ɗaga takalmin. Cikinsa da danshi, wajen yatsu ya yi baƙi, yana wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na mangwaron da ya ruɓe. Na mayar da shi inda yake. Sallar nan na yi ta, amma Allah Ya yafe min, ban san me liman ya karanta ba.

Aka sallame, mutane suka fito. Na tsaya daga gefe. Malam Ilu ya fito yana duba waya, ya zura ƙafar dama, ya zura ta hagu a cikin kiyashin nan. Suka watse, suka hau idon sawunsa, suna bin ƙwaurinsa. Ko gezau bai yi ba. Ya juya zai tafi.

Na san in na yi magana, rabin mutanen da ke wurin za su ce na kashe shi, shi ma wani sashe na zuciyarsa zai ce haka. Na kuma san abin da na shaƙa a takalmin. Na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Malam Ilu, zauna ka cire takalmin nan. Asibiti za mu yanzu."

Wani daga baya ya ce, "Innalillahi, ya faɗa masa." Mutane suka ja da baya suka bar mu a tsakiya. Malam Ilu ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya zauna a dakali.

Ya ce, "To, ka faɗa. Saura min yaushe?"

Na ce, "Ni ban san wannan ba, farce nake yanka. Duba nan."

Na durƙusa na zare takalmin. Babban yatsan ya yi baƙi. A gefensa ga inda reza ta wuce farce ta shiga nama, ta ɗebe wani yanki, wurin ya buɗe yana ruwa. Na kama tsokar tafin na murɗe ta da ƙarfina. Na ce, "Ka ji?"

Ya ce, "Me?"

Sai a lokacin ya sunkuya ya kalli ƙafar tasa, kallon da mutum ke yi wa abin da ya tsinta a hanya. Liman ya ratso mutane ya zo ya duba, ya toshe hanci da gefen rawani. Ya ce ajali a hannun Allah yake, ba a bakin mai yankan farce ba, neman magani kuma umarni ne. Ya sa aka tsayar da mai babur. Ni na hau baya na riƙe shi.

Likitar da ta duba shi wata yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta gwada jini ta ce ya hau sosai, ta gwada suga ta ce shi ma haka, kuma ba yau ya fara ba. Na gaya mata maganar zare, don ni har ga Allah na ɗauka shi ne alamar mutuwa. Ta ce a'a, zare shaida ce kawai cewa jiki ya taɓa shan wuya, ba ya kashe kowa, wanda ya tsaya kuwa jini ne ya daina isa yatsan. Ta tambayi inda yake yini, da abin da yake ci. Na ba ta labarin rumfar. Ta ce zafi da hayaƙi da ƙara da zama wuri ɗaya, in suka haɗu da damuwa da rashin barci, suna sa zuciya ta yini tana aiki kamar mutum na gudu alhali yana zaune. Sugan kuma a hankali yake cinye jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka wuta bai sani ba. Ta ce da wuya in Alhaji Garba da Malam Nuhu ba su daɗe da hawan jini ba, ba su gwada ba ne kawai.

Sannan ta juya gare shi ta ce, "Baba, kana barci?"

Ya ce, "Kaɗan."

"Me ke hana ka?"

Ya juya wayar a hannunsa. Na ɗauka zai ce shanu. Sai ya ce, "Basiru." Sunan ya fito kamar ya yi tsatsa a bakinsa. Na tashi na fita waje, don bai kamata a ce na ji ba.

Sun yi ƙoƙari a kan ƙafar, amma baƙin ya riga ya hau. Suka ce ko ita ko shi. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Washegari da safe aka aiko yaro wai ana kira na a gidansa. Na tsaya a zaure. Matarsa, wadda ta hana shi ba ni ƙafa, ta yi magana daga bayan labule. Ta ce asibiti sun ba da ƙafar a binne, 'yan'uwansa kowa yana noƙewa, wanda ya kamata ya yi kuma ba ya nan. Ta ce, "Malam Haladu, kai ka saba binne abin da ya fita daga jikinsa. Ka yi haƙuri da mu."

Aka miƙo min ita a naɗe cikin farin yadi. Nauyinta ban ji baƙonsa ba, shekaru nawa tana kan cinyata. Na rungume ta na bi ta bayan gari zuwa maƙabarta, rana ta fito, mata na tafiya ɗiban ruwa, wasu na yi min ta'aziyya don sun zaci jariri ne. Mai haƙa ya tona ɗan rami a gefen katanga. Ina tsaye ina jira sai na lura babban yatsana ya je ya kwanta a gadon ƙafar ta saman yadin, daidai wurin riƙo, yana lalube. Ni ban aike shi ba. Na sa ta a ramin, muka rufe, na take wurin kamar yadda aka koya min, na dasa dutse.

Malam Ilu ya tashi. Ya rame, ya dawo da sandunan dogarawa. Bai koma rumfar kwano ba, ya mayar da zamansa ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan masallaci, wasu daga cikin dillalan suka bi shi. Kullum da safe yana dogarawa har wajen rijiyar Kusugu ya dawo, yana shan magani, yana shan shayi ba suga yana tsine wa shayin. Wayar kuwa a gida yake barin ta wurin iyali, sai ya koma da yamma ya tambaya. Har yau ba labarin Basiru. Amma yanzu yana kiran sunansa, yana sa a yi masa addu'a a masallaci, in ya ga matafiyi daga arewa ya tare shi ya tambaya ba kunya. Ya ce min tun da ya fara haka yake samun barci. Mutanen benci wasu sun dawo min da ƙafafunsu, suna kuma zuwa kemis a gwada musu jini. Wasu har gobe in sun ji almakashina sai su gyara riga.

Ƙafar dama ita ta rage mana, ni da shi. Likita ta ce a duba ta kullum, kada reza ta kusance ta. Kowace Juma'a ina wanke ta, in bi tsakanin yatsu, in laluba jijiyar. Tana nan, ba ƙarfi, amma tana nan. Zaren kuma yana matsawa, a hankali ƙwarai, wani watan sai in rantse bai motsa ba. Ba na ce masa komai, shi ma ba ya tambaya, sai dai in na kai kan babban yatsan yakan daina magana.

Ranar da zaren ya kai baki, na wasa almakashi da kyau, na yanke shi a tashi ɗaya. Na sa a farin ƙyalle na buɗe masa. Ɗan gutsuren farce ne da kwarmi a jikinsa. Ya ɗauka ya juya shi a tafin hannunsa, ya mayar min.

Ya ce, "Sarkin Ƙafa, ka san inda ɗayar take."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Kai mata wannan. Ka ce ta ƙara haƙuri, ba yanzu ba. Ina jiran yaro."

Na kai. Tun daga ranar, duk abin da na yanke a ƙafarsa can nake kai shi, in tona gefen dutsen in binne. Mai haƙa ya saba da ni, in ya hango ni ranar Juma'a sai ya ce, "An zo gai da ta Malam Ilu?" In ce an zo.

To, ga almakashin nan a kan tsumma, mai so ya ɗauka. Nafi'u, kai da kake kan babur tun asuba kana shan abin gwangwanin nan mai hana barci, na ga tun da na kai kan kiyashi ka janye ƙafarka ƙarƙashin benci. Fito da ita in gani.